Robar da ke sa fata ƙuraje

Ɗanyar roba tana danƙo a zafi, tana ƙagewa a sanyi. Tun 1839, da Charles Goodyear ya gano dabarar dafa ta da farar wuta, aka samu robar da ke jure aiki. Sai dai dahuwar tana cin lokaci, shi ya sa masana'antu ke zuba sinadaran gaggautawa: tayuram, kabamet da makaftobenzotayazol. A baƙar roba, irin ta taya, akwai kuma wani sinadari, IPPD, mai hana ta tsagewa. Ragowarsu ba ta ƙarewa a dahuwa. Zufa ce ke jiƙo ta ta shiga fata, kuma zafin Zariya na watan Afrilu ba ya rowar zufa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jinkiri. Mai faci zai yi shekaru yana taɓa taya lafiya lau, kafin garkuwar jikinsa ta fara ɗaukar sinadarin a matsayin abokin gaba. Daga nan, duk lokacin da ya taɓa, ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje masu ruwa sukan fito bayan kwana 1 zuwa 3. Kafin nan ya manta da abin da ya taɓa, sai a ɗora wa sabulu ko abinci laifi, ko a ce makero ne.

Duba siffar ƙurajen. Idan sun tsaya cak a wuyan hannu, inda safar hannu ta ƙare, ko sun bi layin igiyar silifas a bayan ƙafa, ko sun zagaye ƙugu daidai robar wando, to ga mai laifin nan.

Kuskuren da ya fi damuna na ma'aikatan asibiti ne. Nas za ta bar safar hannu ta latex, wato robar itace, ta koma shuɗiyar nan ta naitiral, wato robar da ba ta itace ba, amma hannu bai warke ba, domin yawancin naitiral ma da waɗannan sinadaran ake dafa shi. A nemi wadda aka rubuta a kwalinta cewa ba ta da sinadarin gaggautawa, ko ta binil, mai kama da leda, idan aikin ba mai haɗari ba ne. Wanda IPPD ke sa wa ƙuraje kuma ya guji baƙin lalle da rinin gashi masu sinadarin PPD, don dangin juna ne.

Likitan fata, kamar a asibitin koyarwa na Shika, shi ya kamata a tambaya game da gwajin manne: a liƙa sinadaran a gadon baya na awa 48 ba tare da ruwa ya taɓa ba, a cire a duba, a sake dubawa a kwana na 3 ko na 4. Man haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 yana kwantar da ƙaiƙayi, amma muddin ana taɓa robar, ƙurajen za su dawo.

Wanda kuwa ya ga kumburin leɓe ko numfashi na sarƙewa cikin mintuna bayan taɓa robar latex, wannan wata cuta ce daban, daga furotin ɗin itacen roba take. A garzaya da shi asibiti nan take.