Godiya Bayan Gano Cutar da ta Ɓuya a Jijiyoyin Tayirod

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an gano abin da ke damun Baba, majinyaciyar da ke kwance a sashenmu na asibiti, kuma da amincewar iyalanta muke wannan godiya a fili.

Wata irin limfoma ce, wato kansar fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, da ba kasafai ake gani ba. Ƙwayoyinta cunkushewa suke yi cikin ƙananan jijiyoyin jini, ba sa tara ƙari, galibi ko kaluluwa ba sa tayarwa. Sai zazzaɓi ya ƙi jin magani, jini ya yi ƙasa, awon LDH (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan ƙwayoyin jiki na lalacewa) ya haura, a yi ta zargin taifot ko tarin fuka. A wajen Baba, a tayirod ta ɓuya, wato halittar gaban wuya da maƙoƙo ke kamawa.

Muna godiya ga likitocin tiyata da ba su tsaya kan sakamakon siririyar allura ba. Allura ƙwayoyi take zuƙowa a warwatse, ba ta nuna inda suke zaune, alhali a wannan cuta mazaunin shi ne shaidar. Dole sai an yanko tsoka. Haka ƙaramin likitan da ya hana a ba ta sitiroyid, maganin rage kumburi, kafin yankan, ya kyauta, don maganin kan narkar da ƙwayoyin, gilashin da ake duba tsokar a kai ya fito fayau, a koma gidan jiya.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, Allah ya saka da alheri. Sun jefa tsokar cikin fomalin, ruwan da ke hana ta ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 nan take, ruwan ya ninka girmanta sau 10. Aiki ne da ake rainawa, amma tsokar da ta kwana a bushe rinin da ake sa mata don a bambance ƙwayoyi ba ya kama ta yadda ya kamata. Malamarmu mai duba tsoka kuwa, idonta ne ya tsaya kan wasu manyan ƙwayoyi jere cikin jijiya kamar tsakiya a zare. Rinin CD20, mai kama irin ƙwayoyin wannan limfoma, ya kama su, rinin CD34 ya zana bangon jijiyar da ta kewaye su, na tayiroglobulin, mai kama ƙwayoyin tayirod, bai taɓa su ba. Nan zargin cewa kansar ƙwayoyin tayirod ɗin kanta ce ya rushe.

Ga 'ya'yanta da suka ba da jini suka kwana a baranda, sannunku da ɗawainiya. An yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B kafin fara R-CHOP, haɗin magungunan kansa, wanda za ta riƙa karɓa duk bayan kwana 21. Ko zazzaɓi kaɗan kuka ji a jikinta tsakanin zagaye, ku kawo ta a ranar, kada ku jira gari ya waye. Allah ya ba Baba lafiya.