Ɗan kwaikwayon tarihi da kayan da ake yi masa

A shagonmu na ɗinki da hayar kayan gargajiya a nan Tawa, tambayar farko ga mai kawo aiki ita ce: su wa za a yi wa shiga? Sau da yawa sai ya ce "'yan wasa". Wannan bai isa ba. Ɗan kama dariya yake nema, ko tsumma ya rataya ya wadatar. Ɗan wasan kwaikwayo bakinsa ke ɗaukar labari. Wanda muke kira ɗan kwaikwayon tarihi kuwa galibi ba ya furta komai, shigarsa ce ke nuna cewa 1899 ake ciki, shekarar da Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a garinta Lugu. Masu fim na Yamai kan ce "figiran", amma figiran cika fili ne aikinsa, ba wanda ke duba takalminsa. Shi ɗan kwaikwayon tarihi har takalmin ake dubawa.

Don haka sai mun ji shekara da ɓangare kafin a sa almakashi. Maharbin Arewa, yankin su Sarauniya: rigar saƙi rinin baba, walki, layu, baka da kwari. Sojan Faransa baƙar fata: jar dara. Barde kuwa shi ne mai cin kuɗi, ga sulke, ga kwalkwali, ga lifidin doki.

Lifidi da audugar rimi ake cusa shi. A yi ɗinkin layi-layi, tazarar yatsa uku. In ta fi haka, audugar na gangarowa ƙasa tun kafin a gama sukuwa ta biyu. Kuma a ɗora wa dokin shi kwana uku kafin ranar wasan, don dokin da bai saba ba tutsu yake yi a gaban jama'a. Rinin baba a wanke shi sau biyu, in ba haka ba gumi zai zubo da shi a wuyan mutum.

Abin da ya fi ɓata aiki ƙanana ne: agogon hannu, silifas na roba, zif a bayan riga, waya tana leƙowa daga aljihu. Ranar 18 ga Disamba, bikin Jamhuriyar Nijar, sanyin hunturu kan sa yara cusa rigar sanyi ƙarƙashin saƙi, wuyanta ya fito. Shi ya sa muke ɗinka musu 'yar shara mai kauri ta ciki, kuma mutum guda ke tsayawa bakin fili yana duba kowa kafin ya shiga.