Taswirata ta yi kyau, amma ƙarya take yi

Shekaranjiya na tsaya a bayan wani ɗalibina yana lissafin yadda ƙurar nukiliya ke sauka daga sama. Da ya iso gurbin ruwan sama, sai ya kwafo lamba ɗaya, mai nuna yawan ƙurar da ruwa ke saukarwa, daga wata takarda ya liƙa, ya koma latsa waya. Gabana ya faɗi, don ni ma haka na yi.

Ina digiri na biyu aka ba ni aikin gano inda siziyom-137, wani sinadari mai guba a cikin ƙurar nukiliya, ya sauka bayan fashewar tashar nukiliyar Canobil ta Yukiren ranar 26 ga Afrilu 1986. Wata huɗu ina bin iska. Ruwan sama kuwa na yi masa riƙon sakainar kashi. Na ɗauki matsakaicin ruwan yini guda na shimfiɗa a kan faɗin kilomita ɗari, sai ka ce ko'ina yayyafi ake daidai wa daida. Ban ma bambanta ƙurar da gajimare ke haɗiyewa, ɗigo ya taru a kanta, da wadda ɗigon ke sharowa a hanyarsa ta faɗowa ba. Taswira ta fito sumul, launi na dusashewa a hankali daga Yukiren.

Mai jarrabawa ya ɗora yatsa a kan garin Gavle na Suwidin, sannan tsaunukan Wales. "Malam, ina waɗannan?" Fari fat suke a wajena, alhali can ne ruwa ya sauka daidai lokacin da ƙurar ke wucewa. Tumakin Wales ba a ɗage musu takunkumin da aka sa saboda ƙurar ba sai 2012.

To, kwamfutarmu kwana biyu take nuƙu-nuƙu kan lissafi ɗaya, ga ɗauke wuta. Wa zai ga laifina? Sai dai bayanan ma'aunin ruwan suna nan a ajiye. Ƙyuya ce ta hana ni buɗe su.

Na so in jero muku shawara goma, ga abin da ya samu. Ku fara da ruwan sama, awa-awa, kafin iska. Kada ku yarda da lambar da ba ku gwada da awon ƙasa ba. Kuma kada ku zauna jiran cikakkiyar lamba, babu ita. Ranar 15 ga Maris 2011 da ruwa da dusar ƙanƙara suka sauke ƙurar tashar nukiliyar Fukushima a ƙauyen Iitate na Japan, wa ke da lokacin jira? Ku da HYSPLIT, manhajar lissafin yaɗuwar ƙura a iska, ke gabanku kyauta a intanet, karanta bayaninsa ma ya gagare ku!

Ɗalibin ya ce, "Malam, ai haka kowa ke yi." Na ce ya ninka lambar sau goma ya sake lissafin, ya kawo min taswirorin biyu ranar Litinin.