Wasoso ko ganima: abin da aikin fassara ya koya mini

A aikin fassarar labarai akwai kalmar Turanci guda, loot, wadda take zuwa mini a kai a kai, kuma ba ta taɓa barina na wuce ta da sauri ba. Bature yana amfani da ita ga sojan da ya kwashe dukiyar fada, da matashin da ya fasa shago ranar tarzoma, da shugaban da ya zuba kuɗin ƙasa a bankunan waje. Hausa kuwa ba ta tara su a kwando ɗaya. Muna da wasoso, muna da wawashe da wawure, muna da kwasar ganima, ga fashi, ga ƙwace, ga sama da faɗi, ga rub da ciki. Kowace da irin mutumin da take nunawa, da irin hukuncin da take yanke masa tun kafin a kai gaban alƙali.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne asalin kalmar. Ba ta Turawa ba ce. Daga harshen Hindi suka aro ta, inda lut take nufin kayan da aka kwasa da ƙarfi, kuma masana suna mayar da tushenta zuwa Sanskrit. Ta shiga rubutun Turanci a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya yake shimfiɗa ikonsa a Bengal bayan yaƙin Plassey na 1757. Wato daga bakin waɗanda ake yi wa aka ji sunan abin. Bayan boren Indiyawa na 1857, da sojojin Birtaniya suka kwashe dukiyar Delhi da Lucknow, kalmar ta zauna daram a jaridun Ingila. Ita ma 'yar'uwarta plunder aro ce daga Jamusanci, ta shigo a zamanin Yaƙin Shekaru Talatin da ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648, kuma asalinta kayan ɗaki ne, tsummoki da tarkacen gida da soja ke yashewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda a wancan zamani ba a jin kunyar kalmar. A Oktoban 1860 sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe Fadar Bazara ta sarkin Sin a kusa da Beijing, daga baya Lord Elgin, wakilin Birtaniya, ya ba da umarni aka banka mata wuta. Cikin abin da aka ɗauko har da wata ƙaramar karya, aka kai wa Sarauniya Victoria kyauta, aka raɗa mata suna Looty. A 1868 aka yi irin haka a Maqdala ta ƙasar Habasha bayan mutuwar Sarki Tewodros, inda aka yi gwanjon giciye-giciye da rawuna na zinariya da littattafan coci, wakilin gidan tarihin Birtaniya yana cikin masu saye. Sojojin suna da tsari: a tara kaya, a yi gwanjo, a raba kuɗin gwargwadon muƙami.

Nan ne mai fassara zai ga kamar ganima ce ta dace, tun da ga yaƙi, ga tarawa, ga rabo. Ni ban yarda da haka ba, kuma dalilina yana cikin kalmar kanta. Ganima daga Larabci ta zo mana, kuma ta zo da shari'arta. Suratul Anfal ta kafa ƙa'idar fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar, kafin a raba saura. Wanda ya ɓoye wani abu kafin rabo ya yi gululu, kuma Suratu Ali Imrana ta ce zai zo da abin da ya ɓoye ranar alƙiyama. A cikin Bukhari akwai labarin bawan da kibiya ta kashe bayan Khaibar, mutane suka yi masa barka da Aljanna, Manzon Allah (SAW) ya ce mayafin da ya ɗauka kafin rabo yana ci da wuta a kansa. A nan kuma aka ruwaito hanin da ya yi ga nuhba, wato wawason dukiyar mutane. Saboda haka Bahaushe in ya ji ganima, a ƙasan zuciyarsa yana jin abin da aka halatta. In na rubuta cewa sojojin Birtaniya sun samu ganima a birnin Benin, da ke Najeriya ta yau, a Fabrairun 1897, na wanke su ke nan da ruwan da su kansu ba su roƙa ba. Abin da ya faru shi ne sun ƙona birnin, sun kore sarkinsa, Oba Ovonramwen, zuwa Kalaba, sun kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, aka sayar da su a Turai. Su sun kira shi yaƙin ladabtarwa. Wannan ma kalma ce da nake sa wa alamar cewa su ne suka faɗa.

Gaskiya ne bakin mutane ya juya kalmar. In aka ce wane ya mayar da baitulmali ganima, ko ana kwasar ganima, zargi ne, ba yabo ba. To amma zargin yana aiki ne saboda kowa ya san ba a filin daga ake ba, mutumin ya ɗauki dukiyar 'yan'uwansa kamar ta abokan gaba. Shi ya sa take dacewa da ɓarawon biro fiye da yadda take dacewa da sojan mamaya.

Wasoso kuma matsalarta daban ce. Tana zana taron jama'a, kowa yana rububi, hannu bisa hannu, ba shugaba ba tsari. Tana rage nauyin laifi ta wani ɓangare, domin yara ma suna wasoson abin da aka watsa musu, amma tana rage darajar mutanen ta wani ɓangaren. Kusan kullum talaka ake jingina wa ita. Ban taɓa ganin an ce wani babba ya yi wasoson biliyoyi ba, shi wawurewa yake yi, ko a lulluɓe abin a ce almundahana.

Darasin da ya fi amfanata ya fito ne daga guguwar Katrina ta Agustan 2005 a New Orleans ta Amurka. Hotuna biyu suka yaɗu, duka na mutane cikin ruwa har ƙirji suna jan abinci. Ƙarƙashin hoton baƙar fata aka rubuta ya wawaso daga shago, ƙarƙashin na fararen fata biyu aka rubuta sun tsinta. Kamfanonin dillancin labarai biyu ne daban, kuma masu ɗaukar hoton sun kare kansu: ɗaya ya ce a gabansa aka shiga shagon, ɗayan ya ce kayan ya gani suna yawo bisa ruwa. Ko da an karɓi bayaninsu, mai karatu bai ga wannan ba, fuskoki ya gani da kalmomi. Tun da na nazarci wannan, kafin na zaɓi kalma sai na nemi amsar abu uku a cikin labarin: wa ya ɗauka, na wane ne, kuma wa ya ga lokacin da aka ɗauka. In labarin bai amsa ba, sai na rubuta abin da ido ya gani kawai, cewa mutane sun fito da buhuna daga rumbun ajiya, na bar wa 'yan sanda kalmarsu a bakinsu.

Dokar duniya ta sauƙaƙa mini ɓangaren sojoji. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta haramta wawashe gari ko da da yaƙi aka ci shi, yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 ta maimaita hanin a sashe na 33, kuma kotun hukunta manyan laifuka ta duniya tana lissafa shi cikin laifukan yaƙi. Don haka in rahoto ya zo daga Khartoum ko gabashin Kwango cewa mayaƙa sun kwashe kayan asibiti, wawashewa nake rubutawa kai tsaye. Haka na rubuta a Disamban 2022, lokacin da ministar harkokin wajen Jamus ta wancan lokaci, Annalena Baerbock, ta kai kayan tagullar Benin kusan 20 Abuja, ita da kanta ta amsa cewa ɗaukar su kuskure ne, riƙe su ma kuskure ne. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan har yanzu yana riƙe da kusan 900 daga cikinsu.