Takarda ta ce lafiya lau

Yau ranar karɓar maganin Yaya ce, ni na raka ta. Layi kamar kullum. Sakamako ya yi kyau, ƙwayar HIV ɗin ta yi ƙasa har gwaji ba ya ganinta a jini. Alhamdulillahi. Da dariyarmu muka dawo.

Da la'asar Kawu ya shigo, ya tarar da ita a kwance. Ya ce, "Ke kuma fa? Ba an ce jikin ya yi kyau ba? Shekaranjiya na gan ki kina ta kai da kawo." Ta ce, "Kawu, shekaranjiya ƙafar ta yarda ne, yau ta ƙi." Ya ce, "Son jiki dai." Ta ja bakinta ta yi shiru. Ni kuwa har yanzu maganar na cina.

Ina ma ya san abin da ƙafar nan take yi mata. Tun lokacin da take shan wani maganin HIV mai suna stavudine jijiyoyin suka taɓu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara janye maganin saboda irin wannan illa, aka sauya mata wani, yanzu mai dolutegravir take sha. Amma abin da ya lalace bai dawo ba. Da dare tafin ƙafa na raɗaɗi kamar ana soka mata allura, da rana kuma ya mutu murus, takalmi ya fita ba ta sani ba. Ga kasala da ke sauko mata ba sallama. Yau garau, gobe ko tsayuwar sallah sai a zaune. Da sanda take dogarawa kullum, da Kawu ya tausaya. Tunda abin zuwa yake yana tafiya, sai ya zama ƙarya take yi.

Su kansu masu lissafin 95-95-95 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato burin kai wa kashi 95 cikin ɗari a matakai uku na yaƙi da HIV, abin da suke ƙirgawa shi ne wanda ya san yana ɗauke da cutar, da wanda ke kan magani, da wanda ƙwayar ta kwanta a jikinsa. Yaya ta cika duka ukun. Wa ya tambaye ta ko ta samu barci jiya?

Wanki bai yiwu ba. Wuta ma ba a kawo ba.

Zuwa na gaba da ni za a shiga wajen likita, in roƙi a tura ta sashen gashin ƙashi, a kuma duba maganin raɗaɗin. Ta ce kada in tada maganar Kawu a gaban Inna. Na ce to, amma raina bai so ba.