Wasiƙa Zuwa Ga Mutanen Gombe: Labarin Doki Yana Barga

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwana mutanen Gombe, na cikin gari da na ƙauyuka. Ina gaida iyaye, ina gaida malamai. Da fatan kaka ta yi albarka, an shigar da amfanin gona lafiya. Mu nan birnin Leeds na ƙasar Ingila sanyi ya kankama, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, kowa ya shige ɗaki da iyalinsa.

A irin waɗannan dogayen darare ne gidajen talabijin ke yawan sako wasu finafinai da ake yi domin iyali su zauna tare su kalla, kuma da yawansu labarin doki ne. Mutanen ƙasar nan ba su da saurin nuna abin da ke zuciyarsu, za ka shekara kana aiki da mutum ba ka san damuwarsa ba. Amma a ɗauko zancen fim ɗin doki, sai ka ji ƙaton magidanci yana gaya maka cewa shi fa bai iya kallonsa har ƙarshe ba tare da ƙwalla ta zubo masa ba. Ni da na fito daga garin da ke da unguwar Dawaki da unguwar Shamaki, abin ya tsaya mini a rai. Me suka gano a jikin doki da har yake karya musu zuciya haka?

Tushen abin wani littafi ne mai suna Black Beauty, wanda wata mata, Anna Sewell, ta wallafa a 1877. Tun tana yarinya ta ji rauni a ƙafafunta, ta rayu tana ɗingishi, keken doki ne ƙafarta duk inda za ta. Saboda haka ta san dawaki a kusa, ta kuma ga yadda ake gana musu azaba. A zamanin nan masu hali na ɗaure kan doki da wata igiya da ke tilasta masa ɗaga wuya sama, don kawai a ce dokin wane ya yi kyau a kan titi, alhali dabbar na jan kaya wuyanta a sanƙare, numfashi na yi mata wuya. Sai ta sa dokin da kansa ya ba da labarinsa: daga gidan da aka haife shi cikin gata, zuwa hannun mai tausayi, zuwa hannun mashayi, zuwa jan keken haya a titunan Landan har ƙarfinsa ya ƙare. Watanni kaɗan bayan fitowar littafin ta rasu, a 1878. An mai da shi fim sau da yawa, kuma kusan duk fim ɗin doki da ya biyo baya a kan sawunsa yake tafiya.

Abin da ke taɓa zuciya a nan shi ne doki ba ya zaɓar ubangijinsa, kuma ba shi da bakin kai ƙara. Yau yana hannun wanda ke shafa masa geza, gobe bashi ya ci mai gida, an ja shi kasuwa. Wanda aka taɓa bayar da shi riƙo yana ƙarami ya san wannan. Almajirin da aka ɗora a mota da allo da ɗan ƙullin kaya ya san shi. Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba ta san shi, haka mu da neman abinci ya jefo ƙasar wasu. Mutum na kallon doki ana jan sa da ragama yana waiwaye, sai ya tarar kansa yake yi wa kuka.

Akwai wanda na kalla da 'yata, War Horse, wanda Steven Spielberg ya fitar a 2011 daga littafin Michael Morpurgo na 1982. Wani manomi a yankin Devon na Ingila ya sayi dukushi da tsadar da ta fi ƙarfinsa, ɗansa ya rene shi har ya koya masa huɗa, sannan da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, talauci ya sa uban ya sayar wa soja da shi. Can wajen ƙarshen labarin dokin ya firgita cikin dare, ya zabura tsakanin ramukan sojojin Ingila da na Jamus, wayar ƙaya ta nannaɗe shi har ya faɗi cikin taɓo. Da gari ya waye, wani sojan Ingila ya ɗaga farin ƙyalle ya fito, wani na Jamus ya fito da almakashin yanke waya. Mutum biyu da aka turo su kashe juna suka durƙusa suna kwance dabba guda, suna shawarar wace waya za a fara yankewa don kada ta fyaɗe masa ido. Yarinyar tana maƙale a hannuna, ban ji motsinta ba sai da rigata ta jiƙe. Ta ɗago ta ce, "Baba, shi dokin ya san ko na wane ɓangare ne?" Na ce mata bai sani ba. Ta ce, "To don me suka kai shi?" Na yi ta neman amsar da za ta gamsar da yarinya, ban samu ba.

Fim ya mai da dokin gida, don masu shirya fim sun san ba a tura yara barci da baƙin ciki. Tarihi bai yi wannan sassaucin ba. An ƙiyasta dawaki da jakuna da alfadarai kusan miliyan 8 ne suka mutu a wancan yaƙin, da yawa ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce da sanyi da gajiya da cuta. Waɗanda suka tsira ma akasari a can aka sayar da su. A 1930 wata Baturiya, Dorothy Brooke, ta je Alƙahira ta tarar da tsofaffin dawakin sojan Ingila suna jan kaya, ƙashi da fata. Ta tara kuɗi ta saye dubbansu, a 1934 ta buɗe musu asibiti a can. A Landan kuma, gefen Hyde Park, an gina wurin tunawa da dabbobin yaƙi a 2004, an rubuta a jikin dutsen cewa ba su da zaɓi.

Abu na biyu da finafinan nan suka kama shi ne yarda. Doki dabba ce da aka halitta da tsoro, idanunsa a gefe suke don ya hango abin da ke tafe, gudu shi ne makaminsa na farko. Ba a sayen amincewarsa da kuɗi, ba a samunta da bulala. Wani fim na 1979, The Black Stallion, ya ɗauki lokaci mai tsawo kusan babu magana: yaro da ingarma jirgin ruwa ya nutse da su, suka tsira a wani tsibiri su biyu. Yaron ya miƙa hannu da ciyawar teku, dokin ya matso, ya ja da baya, ya sake matsowa, kunnuwansa na juyawa. Duk wanda ya taɓa rainon doki zai ce haka abin yake. Masu bincike a Jami'ar Sussex sun nuna a 2016 cewa doki na bambance fuskar mai fushi da ta mai fara'a ko a hoto, har bugun zuciyarsa na ƙaruwa in ya ga mai fushi. Tsofaffinmu na barga ba su jira jami'a ba, sun daɗe suna hana mutum tunkarar doki da ɓacin rai. Kuma kusan kullum yaron da ke cikin labarin shi ne wanda ba a saurararsa a gida, maraya ko mai rauni ko wanda aka raina. Ranar da dabbar da ta ninka shi nauyi sau goma ta sunkuyar masa da kai, ranar yake gane shi ma mutum ne. A ƙasar nan har ƙungiya gare su tun 1969 mai ɗora yara masu naƙasa a kan doki, kuma iyaye na ganin amfanin hakan.

Sai na tsere, irin labarin Seabiscuit, ƙaramin dokin da aka raina a Amurka wanda ya kayar da zakaran zamaninsa a 1938, lokacin da talauci ya durƙusar da jama'a. Suna da daɗin kallo, amma ina jan hankalin iyaye: tseren dawaki a nan haɗe yake da caca, wasu kuma akwai shaye-shaye a ciki. Ku fara dubawa kafin ku tara yara.

Yanzu bari in dawo gida, don nan maganata take. Duk Sallah sai an turo mini bidiyon hawa. Ina ganin Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III, Allah ya ja zamaninsa, ga hakimai, ga 'yan lifidi, ga zagage, algaita na tashi, ƙura ta turnuƙe. Tsikar jikina na tashi, kewar gida ta hana ni barci. Babu abin da Turawa ke da shi da ya kama ƙafar wannan. Amma ku lura da inda wayoyinmu ke nunawa: rawani, alkyabba, jalala, likkafa. Dokin kansa ya zama abin ɗora ado. Su kuwa masu finafinan can, barga suka kai na'urarsu.

Na san bargar da nake magana a kai, don a maƙwabcinmu akwai ta lokacin da nake yaro. Wani saurayi ne ke kula da wani kili na mai gidan. Kafin a kira assalatu ya share turke, ya kwashe kashi. Da damina shi ke tafiya bayan gari yankan ciyawa, ya dawo da dami a ka, wuyansa na rawa. Da rani harawa ce da dusa, a jiƙa kanwa a ruwa, a auna dawa da yamma. Yakan ɗaga ƙafar dokin ya sa tsakanin gwiwoyinsa yana sakace kofato da tsinke, yana yi masa hira ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin ƙaninsa. In ya makara, dokin ya dinga tona ƙasa da ƙafa, da ya jiyo takunsa daga zaure sai haniniya. Ranar hawa kuwa, shi ke wanke shi, ya ɗaura sirdi, ya riƙe likkafa wani ya hau, shi ya bi a ƙasa cikin ƙura. Da aka sayar da kilin ga wani mutumin Bauchi, saurayin nan ya kwana biyu bai ci abinci ba, kuma ba wanda ya tambaye shi dalili. Wallahi wannan labarin bai gaza na Devon da komai ba.

Akwai kuma abin da ke sosa mini rai. Zuwana gida na baya na ga samari sun yi hayar dawaki don hawan angwanci, suna sukuwa a kan kwalta da tsakar rana, ana fizgar linzami don doki ya miƙe tsaye a ɗauki hoto. Ɗaya daga cikin dawakin kumfar bakinsa ta koma ja, da aka sauke sirdi ga gyambo ƙuda na bi. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, a hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun wanda bai iya ba kuwa azaba ce. Wannan da igiyar da Anna Sewell ta yi kuka da ita duk abu guda ne, a wahalar da dabba don a burge 'yan kallo. Mu kuwa muna da abin da ya fi littafinta. Allah ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a Suratul Adiyat. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce alheri a ƙulle yake a goshin dawaki har ranar ƙiyama. Masu ba da haya, don Allah ku dinga duba wa kuke miƙa wa ragama. Iyayen ango, ku tsawatar.

Ga masu shirya finafinanmu na Hausa, ku ma ina da magana da ku. Soyayya da rikicin kishiyoyi sun samu rabonsu. A ƙasar Gombe Burmi take, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da jama'arsa suka yi shahada a hannun sojojin Turawa a 1903, shekara goma sha ɗaya kafin yaƙin da dokin Devon ya je. Dawaki ne suka ɗauko da yawansu tun daga ƙasar Sakkwato. Wa ya ba su ruwa a hanya? Wane yaro ne ya riƙe ragama yana jiran ubangidan da bai dawo ba? Ko ku bar tarihi, ku ɗauki na yau: yaron barga a cikin gari, mai gida da tsadar dawa ta sa shi tunanin sayarwa, Sallah kuma saura wata guda. Ba ya bukatar kuɗi masu yawa, sai haƙurin zama da doki har ya saba da na'ura, da sharaɗin kada a cutar da dabba ko ɗaya don a samu hoto.

Roƙona na ƙarshe ga matasa masu wayoyi. Akwai tsofaffi a unguwanninmu da suka ƙare rayuwarsu a barga, sun san akawal da bikili da gunya, sun san maganin ciwon cikin doki, sun san wane doki ya yi suna a zamanin wane sarki. Ku je ku gaishe su, ku nemi izini, ku naɗi hirarsu, ku tambaye su dokin da suka fi so da yadda suka rabu. In kun samu, ku sa a intanet mu ma na nesa mu nuna wa yaranmu.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ɗan'uwanku,
daga Leeds, Ingila.