Lambar da ta tafi Kano

Talata, Makka.

Ko ƙarfe goma ba ta yi ba Goggo ta aiko yaro ya kira ni. Na same ta a ɗakin kaya, abayoyi jibge a kan katifa, kwalayen dabino a gefe, tana ta latsa waya. Muna gama gaisawa ta miƙo mini. "Ungo, 'yar nan, duba mini. Tun jiya nake fama da ita, ta ƙi."

Goggo ta daɗe tana saro kaya a nan da Jidda tana aika wa mata a Kano da Kaduna, kuma yanzu kusan duk cinikin ta waya ake yi. 'Yan mata a Instagram suke ganin kaya, iyayensu Facebook suka sani, sannan kowa ya gangaro WhatsApp a yi ciniki. Kowane hoto sai ta ɗora shi nan ta sake ɗora shi can, ga idonta ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Wata maƙwabciyarta ce ta ce mata ai ana haɗa su, a ɗora sau ɗaya ya fita ko'ina. Gaskiya ta gaya mata. Dukansu ukun gida ɗaya ne: Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, daga baya a 2021 kamfanin ya koma Meta. A cikin saiti akwai cibiyar asusu da aka tanada don wannan haɗin.

Na fara da ƙananan abubuwa. Manhajojin biyu sun tsufa, na sabunta su. Agogon wayar da hannu aka saita shi, na mayar da shi ya riƙa ɗaukar lokaci da kansa, don agogon da ya kauce kan hana shiga wasu wurare. Asusunta na Instagram na mutum ne kawai, shi kuwa shafin kasuwanci na Facebook ba ya karɓar irinsa, sai na mayar da shi na sana'a. Duk wannan bai kai shan shayi ɗaya ba.

Da na danna haɗawa sai saƙo ya fito da Larabci, don da shi wayarta take, cewa wannan asusun yana haɗe da wani shafin daban. Goggo ta ce ita shafi ɗaya ta sani, wanda jikarta ta buɗe mata bara. Ni kuma na san asusun Instagram ɗaya ba ya zama a shafi biyu, dole a kwance shi daga na farko. Na yi ta tambayarta a hankali: wa ya buɗe miki Instagram ɗin tun asali, a ina, da wace lamba? Ta yi shiru can ta ce, "Yaron nan ne, lokacin da na je gida." Yaya take nufi, ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ashe a wancan zuwan ya buɗe mata Facebook da layinta na Najeriya, ya yi mata shafi, ya haɗa shi da Instagram, ita kuma ta dawo ta manta da shi gaba ɗaya. Kalmar sirrin ma babu wanda ya riƙe.

Na nemi a sake kalmar sirri. Aka nuna mini ƙarshen lambar da za a tura wa saƙo, mai farawa da +234. Goggo na jin lambobin ƙarshe ta gane tsohon layinta ne. Gabana ya faɗi. Tun daga Disamba 2020 da gwamnatin Najeriya ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, layuka da dama sun rufe, kuma layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. In hakan ta faru, saƙon sirrin Goggo wayar baƙo zai shiga.

Na tura wa Yaya saƙon murya. Kano tana bayanmu da awa biyu, yana hanyar wurin aiki, bai saurara ba sai da muka idar da azahar. Alhamdulillahi, layin yana nan. Ya ce shi ya kai shi aka haɗa da NIN, kuma lokaci-lokaci yakan sa masa kati ya yi kira a cikin wata ƙaramar waya da ke aljihun tebur ɗinsa, saboda masu sayen kaya na da can har yanzu sukan kira. Allah Ya saka masa da alheri. Na ce to, Yaya, zan danna, lamba za ta shigo, ka karanto mini.

A nan Goggo ta ɗora hannunta a kan wayar. "A'a. An ce ko wa ya tambaye ka lambar da ta shigo waya, kada ka faɗa. Ko ɗan cikinka ne." Na ce Goggo, ni ce fa, kuma Yaya ne. Ta ce ta sani, amma haka aka yi wa ƙawarta da ke Shara Mansur: saƙo ya zo mata da sunan wata 'yar'uwa a ƙungiyarsu ta adashe, wai an turo mata lamba bisa kuskure, ta taimaka ta mayar. Tana turawa WhatsApp ɗinta ya fita daga hannunta, kafin magariba an bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya ana roƙon kuɗi da sunanta. Ita 'yar'uwar ma an riga an ƙwace nata ne.

Ban ja da ita ba, kuma ban so in ja ba. Matan nan sun sha wuya kafin wannan ka'ida ta zauna musu a kai, in na ce yau a karya ta saboda ni ce, gobe wani zai zo da murya mai daɗi ya ce shi ma na gida ne. Sai na tuna ai ba dole ne lambar ta tsallako teku ba. Layin yana hannun Yaya, shi ya buɗe asusun, a garin da aka buɗe shi yake zaune. Shi ya kamata ya shiga. Hasali ma hakan ya fi sauƙi, don shiga daga sabuwar waya a wata ƙasa yakan jawo ƙarin tambayoyin tsaro, kuma yawan neman lamba a jere kan sa a dakatar da mutum na ɗan lokaci.

Haka aka yi. Na riƙa gaya masa inda zai taɓa, yana turo mini hoton fuskar wayarsa. Ya sake kalmar sirri, ya shiga tsohon shafin, ya je wajen asusun da aka haɗa, ya kwance Instagram. Ya tambaya ko ya goge shafin. Goggo ta ce a bar shi tukuna, akwai hotunan kayan da ta fara sana'a da su. Ana kiran la'asar na sake dannawa a nan, ya karɓa.

Sauran WhatsApp ɗin kasuwanci, don mai son kaya ya taɓa maɓalli daga shafin ya faɗo mata kai tsaye. Jikarta ta taɓa gwadawa ya ƙi, na ga dalili: an rubuta +966 sannan aka bar sifilin farkon lambar. Na cire shi. Lambar tabbatarwa ta shigo cikin WhatsApp ɗin Goggo, ita da kanta ta sa tabarau ta kwafe ta, ba ta bari na gani ba.

Kafin in tafi na sa mata lambarta ta nan da imel a cibiyar asusun, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ta rubuta lambobin ajiya a bayan littafin da take lissafin bashi. Sharihar da take amfani da ita, wato layin wayarta na nan, da igamarta (takardar izinin zama) aka yi mata rajista, muddin tana sa kuɗi ba ta da damuwa. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne masu zuwa umara, su sayi layin baƙi a filin jirgi, wani ya mayar musu da WhatsApp kansa, su koma gida layin ya mutu, ranar da suka canza waya babu inda lamba za ta same su. Duk wadda ta sauka gidanmu yanzu sai na gaya mata ta bar WhatsApp ɗinta a kan lambar gida, layin nan na data ne da kira kawai.

Mun gwada da hoton baƙar abaya mai aikin hannu, ya fita a wurare biyun lokaci guda. Goggo ta cika mini leda da dabinon ajwa, ta ce in biyo gobe bayan la'asar, maƙwabciyar nan tata ma tana da matsala. Ita layinta na gida an riga an sayar, don haka na ce ta tanadi fasfonta ko igama, ƙila a nemi hoton shaida kafin a mayar mata da asusun.